Yadda mahaifiyata ta koyi tsokanar jika da Turanci

Shekarun baya, lokacin ina koyar da Turanci a wata firamare a Nima, yayana da ke Amurka ya zo hutu da ɗansa, wanda aka haifa a can kuma bai taɓa taka Accra ba. Mahaifiyata, wadda ta tsufa tana sayar da albasa a Kasuwar Malam Atta, ta yi ta shiri kamar za a yi suna.

Yaron ya fara zama saurayi, ga ladabi, amma ko "sannu" bai iya ba. Da safe zai gaishe ta da Turanci, ya koma kujera ya rungumi waya. Ta kawo masa koko da ƙosai, ya ce ya gode. Hira ta ƙare.

Duk wanda ya tashi a Zango, unguwar Hausawa, ya san ba haka kaka da jika suke ba. Kaka takan kira jikanta mijinta, ta ce masa rago mara cefane, shi kuma ya ce ta tsufa, ya sake ta. Haka take da sauran jikokinta. Wannan kuwa shiru, ga hutu yana ta ƙarewa.

Wata rana da la'asar na same ta tana tsintar shinkafa, idonta ya yi ja.

"Yaro nan yana girmama ni kamar baƙo," ta ce. "Zai koma bai san yana da kaka ba. Ke malama, koya mini Turanci da zan taɓa shi."

Ni da bokona, na kawo mata mai daɗi: "the apple of my eye", wato sanyin idona, wanda nake ji da shi. Ta yamutsa fuska.

"Wannan na uwa ne. Ni kaka ne. Turawa ba su da baƙar magana kraa, ko guda ɗaya?"

Sai da na sosa kai, don littafin da nake koyarwa da shi babu babin tsiya. Can na tuno "couch potato", dankalin kujera, mutumin da zai wuni kwance yana kallo bai tsinana komai ba. Ta yi dariya har da tari. Na ƙara mata "butterfingers", mai sakin hannu, wanda komai ya riƙe sai ya suɓuce. Ta yi ta bitarsu a trotro, motar haya, da rumfar kasuwa. Ni kuwa ina tsoro, don yaron da ya tashi a can zai iya ɗauka zagi ne, ya ƙara nesa da ita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a falo, ta zo ta tsaya a kan yaron, ta riƙe ƙugu.

"You, my husband. Couch potato."

Yaron ya ɗago, ya dubi ubansa, ya dube ni. Na ce a raina yau na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Ita ko gezau, ta sake maimaitawa tana nuna kujerar. Sai na ga bakinsa ya fara motsi.

"Grandma, you're a pain in the neck."

Yayana ya zabura. "Kai, wa kake gaya wa haka?"

"Bari shi," in ji mahaifiyata. Ta juyo gare ni. "Me ya ce?"

"Mma, wai ke ciwon wuya ce. Wato kin cika fitina, ba kya barin mutum ya huta."

Ta zauna a hannun kujerar, ta kama kunnensa ta ja, hawaye na zubo mata. "Alhamdulillahi," ta ce. "Yau na yi jika."

Daga ranar ya riƙa bin ta kasuwa, tana masa tsiya da Hausa, yana ramawa da Turanci, ni ina tsakiya ina tafinta har na gaji na bar su.

Har yanzu ina koya wa yara ma'anar irin waɗannan maganganu, amma a wurinta na gane cewa sanin ma'ana rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin wa ke da ikon faɗa wa wa. Tausayinta nakan ji idan na tuna yadda ta kusa rasa jikanta alhali yana zaune a falonta.

Da Allah ya yi mata rasuwa, yaron ya kira ni daga can. Ya lalubo 'yar Hausar da ya tsinta a wurinta.

"Anti," ya ce, "yanzu wa zai tsokane ni?"