Ramin Kunkuru a Tsakar Gidan Siminti

Kunkurun gidanmu ya girme ni. Babana ya zo da shi daga wajen Burkusuma cikin aljihun riga tun ba a haife ni ba, ga shi yau ya yi girman da sai mutum biyu ke ɗaga shi. Mai ɗakina ba ta kiran shi da komi sai "yayanka". In ya kifar mata da kwarya sai ta ɗaga murya: "Malam, zo ka yi wa yayanka magana!" Malam ɗin ma ba'a ce, don karatuna na allo bai yi nisan da za a ba da labari ba.

Kowace bazara yana da rami a kusurwar da randa take, gindin dogon yaro. In zafi ya taso sai ya shige, mu manta da shi. Ni kam haushin ramin nike ji. 'Yan tsaki na faɗawa ciki, ni ma ya taɓa gurɗe mini ƙafa.

Wata shekara bayan kaka, ɗana da ke aiki Sakkwato ya aiko da siminti a shafe tsakar gida. Duk layinmu nan Gatawa ba mai irin shi. Magini ya kai kusurwar randa ya tsaya.

"Baba, wanga rami hwa?"

"Cike shi," na ce. "Mai shi ma ya waye, ya bar zaman ƙauye."

Anka cike, anka shafe sumul. Har tabarma na daina shimfiɗawa, don masu zuwa gaisuwa su gani da kyau.

Sai bazara ta zo. Wanda bai yi bazara tsakanin Isa da Sabon Birni ba, ban san yadda za ni kwatanta mai ba. Kafin hantsi ya ɗaga, simintin nan ba ya takuwa ba takalmi. Kaji sun buɗe baki, awaki sun lafe jikin katanga. Ni kuma sai na fara jin wata ƙara, ƙarat, ƙarat, daga kusurwar randa. Na leƙa. Kunkuru ne, daidai inda bakin raminshi yake da, ko taki ɗaya bai kuskure ba, shina tonon siminti.

Na yi dariya ranar farko. Da kwanaki sunka tafi na ga faratanshi sun cinye, ga jini a kan simintin, ga kumfa a bakinshi. Na ajiye mai ɓawon kankana, abin da da yake biyo mutum a guje saboda shi, gudu irin nashi dai, ko kallo bai yi ba. Dabbar da ta ga zamanin babana, ta ga yunwa ta ga fari, a ce a hannuna za ta mutu?

Na shiga dabaru. Na jiƙa buhu na lulluɓa mai, ya fice ya koma tono. Na zauna da mahuci ina yi mai fifita, maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce ko sarauta anka ba shi. Na kira shi ya kama mini munka saka kunkurun cikin baho da ruwa. Ya yunƙura za ya fita, ya kife rigingine bisa simintin mai zafi, ƙafafu sama, shina wani nishi da ban taɓa ji ba. Da ƙyar munka juya shi.

Mai ɗakina tana bakin madafa tana kallonmu.

"Kun gama wasan?" ta ce. "Hwasa simintin nan."

"Ke, kin san mi kika cewa? Mi za ni gaya ma yaro?"

"Ka ce mai yayanka ya hi ka sanin gidan."

Na aro diga. Ban taɓa jin nauyin diga irin na ranar ba. Na fasa kusurwar, ta zuba ruwan randa ƙasar ta yi laushi, munka ja baya.

Bai yi wata-wata ba. Ya sa ƙafafun gaba, masu ciwon nan, yana yaɓo ƙasa yana turawa baya, ba gaggawa ba hutawa. Na zauna kallo har na kusa makara sallar la'asar. Washegari ƙarshen ƙoƙon bayanshi kaɗai ake hangowa. Bayan nan sai baƙin rami.

Wata rana da azahar, lokacin da ko tsuntsu ba ya motsi, rashin aikin yi ya sa na kwanta rub da ciki na zura hannu cikin ramin har kafaɗa. Jama'a, sanyi! Sanyi mai ɗan damshi, irin na cikin randa. Bayana na gasuwa, hannuna na cikin damina. Ashe duk tsawon rayuwata ina tafiya bisa wannan sanyin, kamu kaɗan ƙarƙashin ƙafata, ina ta kukan zafi. Shi ba mahuci, ba lantarki, ba wanda ya karantar da shi, ya sani tun yana cikin aljihun babana. Na daɗe kwance ina subhanallahi, sai da mai ɗakina ta zo ta taɓa ni da muciya ta ga ko da rai.

Amma bai fito ba. Abincin da nike ajiye mai bakin rami, awaki ke cinyewa. Ban sani ba ko na fasa da wuri ko na makara. Kullum da safe sai na durƙusa na shinshina ramin, ina tsoron in ji abin da ba ni son ji.

"Ka gaishe shi?" takan ce. Amma na lura ita ma ta daina shara ta wajen da ƙarfi.

Ranar da hadarin farko ya sauko, da yamma ne. Ƙasa ta yi ƙamshi, ruwa ya kwanta wani loko da magini ya bari a simintin. Muna zaune bakin ɗaki sai ƙasar bakin ramin ta motsa. Kai ya fara leƙowa, sannan ƙafa, sannan dukanshi, jajir da laka. Ya tako a hankali har lokon nan, ya tsoma kai cikin ruwan, ya yi ta sha, ya yi ta sha, ruwan sama na wanke mai baya. Sai da ya ƙoshi sannan ya ɗago.

"To," ta ce, "simintinka ya yi rana. Ya zama kaskon ruwa."

Da ɗana ya zo Sallah ya ga kusurwar a fashe, ya ce za ya turo magini a gyara.

"Kul," na ce. "Ɗakin bappanka ne."