Ciyawar Doña Ermelinda

Shekara talatin da huɗu Don Telmo Barrionuevo ya yi yana kula da filin wasan garinmu, nan kudancin Tucumán, kuma a iya sanina bai taɓa kallon wasa ba. Zuwa kam yana zuwa. Yakan kife bokiti kusa da tutar kwana ya zauna, amma idonsa ba ya wuce idon sawun 'yan wasa. In aka ci ƙwallo jama'a suka miƙe da ihu, shi abin da ya gani shi ne wani yaron kirki ya zame da gwiwa ya tsaga masa ciyawa taku huɗu.

Fili ɗaya gare mu, ƙungiya biyu. Wannan mako na 'yan ƙwallon ƙafa, mako mai zuwa na 'yan zari-ruga. Masu ƙwallon ƙafa suna son fili sumul kamar teburin tela. 'Yan zari-ruga kuwa, duk da yawancinsu likitoci ne da lauyoyi, da an busa usur sai ƙarti takwas su sunkuya su haɗa kai da wasu ƙarti takwas, a yi ta turereniya har ƙasa ta juye. Kwana shida da ke tsakani na Don Telmo ne. Ya wanke layin waɗannan ya shata na waɗancan da farar ƙasa, ya sauke dogayen sanduna ya ɗaura raga, sannan ya bi ramuka ɗaya bayan ɗaya yana faci.

Facin nan shi ne sirrinsa, kuma na san shi ne don gajeriyar katanga ce kawai tsakanin gidana da nasa. Ciyawar da ake sayowa daga birni ba ta son ƙasarmu, sati biyu ta yi rawaya. Amma ranar da aka ɗaura masa aure, matarsa Ermelinda ta sauko daga ƙauyensu na kan duwatsu da wata ciyawa a gwangwanin madara, daga ƙofar ɗakin uwarta. Ta dasa ta, ta yaɗu ta rufe tsakar gida. Gajeriya ce, mai laushi, mai taurin rai. Wata rana Telmo ya yanki faɗin faranti ya kai fili, ta kama. Tun daga nan baro yake fita daga gidan da sassafe.

Da ina koyarwa a firamaren da ke bayan filin, nakan ratsa da safe in same shi cikin hazo, ƙafarsa ba ta ganuwa, kamar yana tafiya a kan madara. Ƙamshin dafaffen rake na tasowa daga masana'antar sukari. Sai ya miƙo mini ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasarmu, in tsotsa in mayar, ya shiga nuna mini gidansa.

"Ka ga nan, Malam, kusa da da'irar tsakiya? Nan 'yarmu Ramira ta koyi tafiya. Can gefen hagu ƙarƙashin igiyar shanya ne, shi ya sa ta fi kore, ta sha ruwan sabulu. Wancan lungun kuwa makwancin karenmu ne."

Bayan abincin rana yakan kwanta a inuwar rumfar 'yan kallo, hula a kan fuska. Ya ce mini mafarkinsa kusan ɗaya ne kullum: facin nan duk sun tashi, sun jeru a titi kamar awaki da yamma, suna komawa gida a hankali, motoci na tsayawa suna ba su hanya. Ba ya jin tsoro a mafarkin, in ji shi, abin da ke damunsa kawai shi ne bai bar musu ƙofa a buɗe ba.

A watan Afrilun bara aka yi ruwa kwana uku, aka buga zari-ruga a na huɗu. Sau bakwai alƙalin wasa ya ba da turereniya taku biyar daga layin ƙarshe, wato daidai inda mai tsaron ragar 'yan ƙwallon ƙafa yake tsayawa. Da aka tashi, wurin ya koma kamar inda aladu suka yini. Ga shi Lahadi mai zuwa akwai babban wasan ƙwallon ƙafa, sufeto zai zo duba fili ranar Juma'a. Majalisar gari kuma ta riga ta faɗa: in aka ɗauke wasa ɗaya saboda lalacewar fili, za a kankare ciyawar duka a shimfiɗa ta roba, wadda ba ta shan ruwa, ba ta kuma bukatar tsoho da baro.

Gaspar, kyaftin ɗin 'yan zari-ruga, likitan haƙori mai sanƙo da wuyan bijimi, ya zo ba da haƙuri.

"Don Telmo, wallahi ba mu muka zaɓi wurin ba."

"Na sani, likita. Ku dai duk inda kuka ga abu lafiyayye sai kun haƙa rami."

"Zan sayo ta birni, ko nawa ne."

"Ka sayo ka yi wa kanka gashi da ita, ka fi filin bukata."

A gida, ciyawa ta riga ta ƙare, sai wani yanki da bai fi faɗin ɗaki ba a gindin bishiyar lemo. Wannan na Doña Ermelinda ne. Shekara ashirin da shida ta yi a tsaye tana tsintar lemun tsami a masana'anta, ƙafafunta suka kumbura. Kullum ƙarfe huɗu takan fito da kujerarta, ta cire takalmi, ta ɗora tafin ƙafa a kan ciyawar uwarta ta lumshe ido. Ranar Litinin ina ba tumatir ruwa na ji su ta katanga.

"Tsohuwa, yaya ƙafar yau?"

"Shekara nawa rabonka da tambayar ƙafata? Ajiye shebur ɗin nan tukuna."

"Wankewa zan yi."

"Idonka kuma da ke awo fa, shi ma wanke shi za ka yi? Ka kwashe inda 'yata ta yi rarrafe, na yi shiru. Ka kwashe ƙarƙashin igiya, yanzu in riga ta faɗi sai na sake wanki. Ka bar mini wannan, tsoho."

Ya jingine shebur ya shiga ɗaki. Talata da Laraba ya yi ta zuba yashi da iri a ramin, ko da yake ya fi kowa sanin iri ba ya tsirowa a kwana uku. Ya daina barcin rana. Na gan shi zaune a kan bokiti yana kallon laka kamar mai jinya.

Laraba da yamma Doña Ermelinda ta leƙo ta katanga.

"Malam, sa takalminka ka raka ni in ga inda ake kai mini gida."

Ba ta taɓa shiga filin ba. A bakin layi ta cire takalmi ta ba ni riƙo, ta shiga a hankali. Rana ta karkata, inuwar duwatsu ta fara miƙowa, babu kowa sai tsuntsaye da mijinta. Ta yi ta tafiya tana tsayawa, tana murza yatsun ƙafa. Kusa da da'irar tsakiya ta daɗe. Ba wanda ya gaya mata komai, amma na ga leɓenta na motsi, kamar mai kiran yarinya ta taho. Telmo na biye da ita a baya, hula a hannu, kamar ɗan haya da mai gida ta zo dubawa.

A bakin ramin ta tsaya.

"Ita ta robar, ana taka ta ba takalmi?"

"Da rana ƙona ƙafa take."

"Duka za su kankare?"

"Duka."

Ta dubi filin daga wannan raga zuwa waccan.

"To saurara. Ban ba ka ciyawata ba. Matsar da ita kawai za ka yi. Inda ta je, nan kujerata za ta je."

Alhamis da safe garin ya ga abin kallo. Telmo ya yanka ciyawar da kauri, da ƙasarta da saiwarta, Gaspar da ƙartinsa bakwai suka ɗauke ta a tafin hannu, suna tafe a layi a titi kamar masu ɗauke da faifan ƙwai. Duk wanda ya yi sauri sai Doña Ermelinda ta kira sunan uwarsa, domin duk ta san su.

Juma'a ƙarfe huɗu sufeto ya iso da takardunsa. Ya zaga fili yana danna ƙasa da diddige, har ya kai ragar kudu ya tarar da tsohuwa a kujera, ƙafa ba takalmi, ido a lumshe.

"Uwargida, nan fa gaban raga ne."

"Na sani, ɗana. Ka goge takalminka kafin ka shigo."

Ya duba takalminsa, ya goge a jikin sanda, ya shigo ya danna, ya sa hannu a takarda. Aka buga wasa ranar Lahadi, muka sha kashi biyu da nema, kuma ba wanda ya iya ɗora laifin a kan fili.

Tun daga nan mabuɗin ƙaramar ƙofar fili biyu ne, ɗaya a aljihun Telmo, ɗaya a jakarta. Tana zama daga huɗu zuwa shida, in 'yan atisaye suka fara isowa ta naɗe kujera, ta ja wa mai tsaron raga kunne ya daina karce ƙasa kamar kaza.

A wasan zari-ruga na gaba, alƙali ya sake nuna wurin nan don turereniya. Gaspar ya je ya yi masa raɗa, alƙali ya dubi rumfa inda Doña Ermelinda ke zaune da jaka a cinya, ya matsar da su taku shida zuwa hagu. Kyaftin ɗin baƙi ya tambayi dalili.

"Gidan mutane ne," in ji Gaspar. "Sunkuya mu tafi."