Kwalbar Yara Goma

Ni dai tun ina ƙarama an san ni da ƙin ɓarna. Kakata ce ta raine ni a Jega, mace ce wadda in ƙwayar gero ta faɗi ƙasa sai ta duƙa ta tsince ta, tana tsinta tana faɗa. Da wannan hali na shiga aikin lafiya, kuma da shi na kusa yin abin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

A shekarun farko da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, aka tura ni wani ƙaramin asibiti kusa da Giwa Tazo, a ƙasar Maiyama. Asibiti dai a suna, ɗaki biyu ne da rumfa, sai firiji mai kananzir da nake lallashi kamar jinjiri. Aikina rigakafin yara. Allurar ƙyanda kuwa gari ce a cikin 'yar kwalba, sai an haɗa ta da ruwanta. Kwalba ɗaya ta yara goma ce, kuma da zarar an haɗa, awa shida ke gare ta, abin da ya rage zubarwa ake yi. Wannan zubarwar ita ce ba na iya gani. Sai na kafa wa kaina doka, ba wanda ya sa ni: ba na buɗe kwalbar ƙyanda sai yara sun taru. Har alfahari nake yi da shi, wai ni ce mai tattali.

Wata Alhamis a farkon bazara, ana ta zancen ƙyanda ta shiga wasu ƙauyuka, sai ga wata Bafulatana ta shigo rumfa. Ta sauke ƙwaryar nono, ta kunto goyonta, 'yar yarinya ja mai ƙwayar wuri rataye a wuya. Ta miƙo mini kati a naɗe cikin leda, ko lanƙwasa babu. Na duba, duk sauran alluran an yi, ƙyanda kaɗai ta rage, kuma yarinya ta cika wata tara cif.

Na ce, "Madalla, baiwar Allah. Amma yau ke kaɗai ce. Ki dawo Talata, yara za su taru."

Ta ce, "Likita, mu fa tashi muke shiri. Ciyawa ta ƙare inda muke."

Na ce, "Talata ba nisa."

Ta ce, "Yayarta ƙyanda ta ɗauke, bara waccan. Shi ya sa na taho."

Wallahi na ji ta, da kunnena na ji. Na yi mata ta'aziyya, na ce Allah ya jiƙan rai. Amma na dubi firijin nan, na tuna rabon yara tara da zan tuttular a rami, na kasa. Har na zauna ina yi mata bayanin kwalbar goma da awa shida, kamar ita ta ce in koya mata. Ba ta yi gardama ba. Ta mai da goyonta, ta ɗora ƙwaryarta, ta fita.

Ranar Litinin aka tara mu a Jega, ma'aikatan rigakafi na yankin, don an aiko da takardar ka'idojin aiki. Shugabanmu wani dattijo ne mai sanyin magana, tabaransa ɗaure da zare. Ba ya karanta takarda kai tsaye, sai ya fara tambaya. Ya ce, "Yaro ɗaya ya zo allurar ƙyanda, kwalba ta goma ce. Mi za a yi?"

Ni sarkin azarɓaɓi, kafin kowa ya motsa na ɗaga hannu. Na ce, "Yallaɓai, a ba uwar rana ta dawo. Ni tunda na fara aiki ban taɓa zubar da fiye da rabon yaro biyu ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Malama, waɗanda kika ba rana, duk suna dawowa?"



Ya ɗaga takardar ya nuna mana wurin da yatsa. Abin da ke ciki shi ne, ko yaro ɗaya ne ya zo, in ya isa allura, a buɗe masa kwalba, kada a mai da uwa gida hannu wofi. Ya ce, "Kwalba in ta ƙare ni ke zuwa in karɓo wata, kuma ban taɓa kai ƙarar kowa don ya zubar da saura ba. Ɗiyan mutane kuwa ba ni da inda zan karɓo su." Daga nan ya wuce zancen firiji da dafa allurai. Ni kuwa ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba, ƙwayar wurin nan ta wuyan yarinyar kawai nake gani.

Talata na buɗe asibiti tun da sassafe. Mata suka cika rumfa, na yi wa yara allura, ina yi ina leƙen hanya. Har la'asar Bafulatana ba ta zo ba. Na koma gida na huce a kan mijina, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Malamin firamare ne, mutum mai haƙuri da tsokana. Da na gama faɗan na ba shi labari, sai ya ce, "To, tattalin kakarki ya kai mu inda ya kai mu. Gobe sai ki shirya akwatinki na allura, in nemi izini a makaranta."

Da safe na jera ƙanƙara a akwatin sanyi, na sa kwalba ɗaya da ruwanta. Tukunyar da muke dafa allurai kuwa na ɗauke ta dungum, don ba a buɗe ta sai wurin aiki. Muka hau babur. Da tambaya muka kai inda rugar su Bafulatanar take, muka tarar da toka da kashin shanu kawai. Mai gonar, wani tsoho da ke rarraba takin da suka bar masa, ya ce tun Asabar suka tashi, sun yi wajen fadamar Dangamaji.

Na ce, "Baba, daidai ina?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, mai shanu ake tambaya daidai ina? Ku bi ruwa dai."

Haka muka yi ta bi. Rana ta take, babur na tutsu a cikin rairayi, ni kuma bini-bini sai in taɓa jikin akwati in ji ko sanyi na nan. Muka wuce masu cirar albasa, duk wanda muka tambaya sai ya nuna gaba. Ruga biyu muka shiga ba su ba ne. Ina ta addu'a a zuci, Allah ya sa ban iske yarinyar nan da jajayen idanun ƙyanda ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Gab da azahar muka same su. Tana zaune gindin wata bishiya tana burgar nono, yarinyar na rarrafe a kan buzu, lafiyarta lau, tana cusa ƙasa a baki. Matar ta dubi akwati, ta dube ni, ba ta tashi ba. Ta ce, "Likita, an cika goma?"

Maganar ta soke ni, kuma na san na ci a faɗa mini fiye da haka. Na durƙusa na ce, "Ba a cika ba. Ɗiyarki kaɗai na zo wa. Ni na yi kuskure, ki yafe mini."

Na wanke hannu, na buɗe kwalba, na haɗa, na yi mata. Yarinya ta tsala ihu, uwar ta ba ta nono, na cika kati. Ina shirin tona rami sai ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Sauran fa?"

Na ce, "Zubarwa zan yi."

Ta zaro ido kamar na ce zan kifar mata da ƙwarya. "Zubarwa? Awa nawa kika ce rannan?"

Na ce shida.

Ta dire mini yarinyar a cinya, ta yafa gyale, ta nausa cikin ranar nan ba ko takalmi. Mijina ya kwashe da dariya ya ce, "Kai! Ashe kakar taki tana da dangi a ruga." Na harare shi, amma ni ma dariyar ta kubce mini, ga hawaye.

Kafin la'asar ta dawo da mata biye da ita, wasu daga rugagen da muka wuce, har da matan masu albasa biyu da laka a ƙafa. Yara bakwai na ƙara yi wa, waɗanda ba su taɓa samun ta ƙyanda ba. Rabon biyu ya rage, na zubar da shi da hannuna, kuma ko ɗar ban ji ba.

Tun daga ranar na juya aikina. Uwa in ta zo da ɗanta sai in buɗe kwalba in yi masa tukuna, sannan in ce ta leƙa maƙwabta ta gaya musu an buɗe. Wata rana a cika, wata rana in zubar da rabi. Ƙyanda kuwa ta yi ta'adi a bazarar nan, kuma akwai matan da na taɓa ba rana waɗanda har yau ban san yadda ta ƙare da 'ya'yansu ba. Wannan yana nan a raina, ba na ɓoyewa.

Da damina ta sauka Fulani suka dawo. Wata safiya ina share rumfa na ji an yi sallama. Bafulatanar nan ce, da ƙwaryarta, yarinyar na tafe da ƙafarta, dagwai-dagwai, riƙe da gefen zanen uwar. Bayanta wata ƙanwarta ce da goyo, tana noƙewa don kunya. Ta leƙa rumfar ta ga ba kowa, ta ce, "Likita, yau ma guda na kawo."

Na jingine tsintsiya, na tafi na buɗe firiji.