Fiffiken Bulama

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu a firamare. Ina tsugune a gindin darbejiyar gidanmu na unguwar Gomari ina wanke kwanuka, Bulama na tsaye a kaina yana jan bakin ɗankwalina, sai aka yi sallama. Maza biyu ne cikin koren kaki, ma'aikatan gandun daji. Kakata Hajja Falmata tana ganinsu ta saki taɓarya, ta zo ta tsaya tsakaninsu da Bulama, ta baza mayafinta.

Bulama gauraka ne, dogo, mai tukku ruwan zinari, ga taƙama sai ka ce shi ya gina gidan, shi ya sa aka laƙaba masa sunan mai unguwa. Kakanmu ne ya sayo shi yana ɗan tsako a hannun wani mai ɗana tarko daga bakin tafkin Chadi, ya kawo wa Hajja, bai shekara ba bayan haka ya rasu. Tun daga nan tsuntsun ya zama abokin hirarta. Ni kuwa abokin wasana ne. In muna 'yar gala-gala ya shigo ya ɓata zanen, in na dawo makaranta ya tarye ni da rawa yana tsalle, in an shanya gero ya kori kaji sannan ya ci rabonsa, ɓarawon banza! Abin da ya riƙe shi a gidan kuwa almakashin ɗinkin Hajja ne. Duk sanda gashin fiffikensa ya tofo, sai ta rufe masa kai da zani ta datse gefe ɗaya, tana lallashinsa da Kanuri.

Babban cikin baƙin ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce a makon nan sun kama kejin gauraki a Kasuwar Kwastam za a tsallaka da su iyaka, ƙasashe kuma sun yi yarjejeniya an hana kamawa da sayarwa, don tsuntsayen sun kusa ƙarewa. Hajja ta ce, "Kai yaro, ƙasashen nan su suka ciyar mini da shi?" Ya yi murmushi ya ce, "Ba ƙwace muka zo yi ba, Hajja. Roƙonmu ɗaya, ki ajiye almakashi. In ya zauna naki ne, in ya tashi na Allah ne." Ta daɗe tana kallon Bulama kafin ta ce to.

Wallahi na tsani mutanen nan! Da gashin ya fara tsawo, ni da kaina na ɗauko almakashin na kai mata ina kuka. Ta jawo ni jikinta ta ce, "Kin san kukan da yake yi in 'yan'uwansa na wucewa? Shekaru ina jinsa ina toshe kunne." Ta jefa almakashin a ƙasan akwati. Ranar da Bulama ya fara hawa katanga, ta kawo kaskon turaren wuta kusa da shi, yadda take yi wa baƙon da zai kama hanya.

Da hantsi ya tafi, bayan damina ta zagayo. Garken gauraki ya ratsa ta samanmu ya nufi fadamar Khaddamari, Bulama ya amsa musu, ya ruga tsakar gida, sai ga shi a sama. Na yi ta ihu ina kiran sunansa. Hajja ta ɗaga hannu kawai ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma har ta bar duniya kullum da safe sai ta zuba dawa a kwanonsa, kurciyoyi su cinye.

Yanzu an sare darbejiyar, an shafe tsakar gidan da siminti, samaniyar Gomari kuma sai ƙarar jirage. 'Ya'yana a waya suka san gauraka. Duk da haka in damina ta faɗi nakan ɗaga kai, ko jikokinsa za su wuce. Almakashin yana wurina, ni na gaje shi, kuma har yau na kasa yanka ko zare da shi.