Ruwan da Inna Dela Ta Ɗauka Kogi Ne

Wata rana, tun kafin yaƙi ya tarwatsa mutanen Sudan, wani Bahaushe mai suna Ilyasu ya ɗauki mahaifiyarsa, Inna Dela, da matarsa a mota, daga garinsu na bakin kogin Nilu zuwa gaɓar Bahar Maliya.

Jikokin mahajjata ne su. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, guzuri ya ƙare a hanya, suka zauna.

Ya gaya wa tsohuwar cewa likitan ƙafa za a kai ta gani. Gaskiya ne, amma akwai abin da ya ɓoye a ransa.

Tun Ilyasu yana goye, mahaifinsa ya tafi aikin Hajji. A Sawakin ya hau jirgin ruwa na katako, irin masu tsallakar da talakawa. Bai dawo ba. Ba saƙo, ba gawa.

Tun daga lokacin Inna Dela ta yanke hukunci: guduwa ya yi, ya sami wata a can. In ana addu'a aka zo kan sunansa, sai ta sauke hannuwanta.

Ga Ilyasu yau da furfura, ga ta ƙarfi yana ƙarewa. Tsoronsa ɗaya: kada ta koma ga Allah ba ta yafe wa ubansa ba.

To, a Larabcin ƙasar, kogin Nilu bahar ake ce masa. Teku ma bahar. Da aka ce mata mijinta ya haye bahar, ruwan da take wanki a bakinsa ta gani a zuciyarta, wanda kwalekwale ke tsallakawa ya dawo kafin tuwo ya nuna. An sha gaya mata wancan ya fi faɗi. Takan taɓe baki ta ce, "Namu ma ai yana faɗi da damina."

Suka kama hanya da sassafe.

Kore ya ƙare. Sai rairayi, sai baƙaƙen duwatsu, sai raƙuma jefi-jefi suna kiwo a inda ido bai ga abin ci ba. Da rana ta take, kawalwalniya ta shimfiɗu a kan kwalta. Asabe, matar Ilyasu, ta nuna ta ce, "Inna, mun iso, ga bahar ɗin." Tsohuwar ta ce, "Ke dai surukar banza ce, sai na sa ya ƙara aure." Aka yi dariya. Ilyasu bai yi ba.

A tsaunukan Sinkat suka sha gahawa mai citta, sannan hanya ta gangara, iska ta fara ɗanɗanon gishiri.

Da la'asar suka shiga Sawakin. Ilyasu ya wuce rusassun gine-ginen tsohon gari, ya tsaya inda ƙasa ta ƙare. Ya riƙe hannunta ta sauko.

Ta tsaya. Ta kare rana da tafin hannu. Ta duba dama, ta duba hagu, ta daɗe tana neman wani abu.

"Ɗan nan, ina tsallaken?"

"Ba a ganinsa, Inna."

"Ko hazo ya tafi?"

"Ba hazo ba ne. Sai jirgi ya wuni ya kwana yana tafiya."

"A kan katako?"

"A kan katako, Inna."

Ta zauna a kan rairayi, ruwan yana zuwa yana taɓa bakin zanenta, ba ta janye ba.

Can ta ce, a hankali, kamar mai tsoron kada ruwan ya ji: "Ni ce nake ce masa ya yi sauri ya tafi, kada sa'o'insa su riga shi."

Ta ɗaga hannuwanta. Ilyasu ya durƙusa kusa da ita, ya ji abin da bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo.

"Allah ka jiƙan Malam. Na yafe masa. Ka sa shi ma ya yafe mini."

Har yau ba wanda ya san abin da ya sami mutumin. Tekun bai faɗa ba. Amma shekarun da ta ƙone cikin fushi, babu mai mayar mata da su.

Darasi: Kafin ka ce wani ya ƙi dawowa gare ka, ka tambaya wane ruwa ne tsakaninku. Mukan auna wahalar mutum da ɗan kogin ƙofar gidanmu, mu yanke masa hukunci, shi kuwa yana can yana nitsewa.

Idan akwai wanda ka daina yi wa addu'a, ka tuna da shi a sallarka ta yau. Ka kuma miƙa wannan labari ga wani mai ɗauke da tsohon fushi, tun da sauran lokaci.