Layi Takwas, Mutum Tara

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da na ɗauki lasifika na ce wa mutanen bakin ruwan Yelwa kowa ya fito lafiya. Ku yaran ofis kuna yi mini dariya in kun ga ina bin 'yan wasa ina dafa kafaɗarsu ɗaya bayan ɗaya, kuna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Ku karanta wannan, ku bar ni in huta da tambaya.

Ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na yi a firamare. Masinja nake lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Ma'aikata da yawa suka tashi, kujeru suka zama babu kowa, sai aka ce duk mai iya rubuta suna a gwada shi. Haka aka miƙa ni ga jami'in wasanni, Malam Garba, in yi wata shida ina koyon aiki. In na yi kyau a tabbatar da ni mataimaki, in ban yi ba in koma ɗaukar fayil.

A wata na huɗu aka shirya tseren kwale-kwale. Jirage shida ne, biyu na Yauri, biyu daga wajen Shanga, biyu daga wajen Ngaski. Ga wanda bai sani ba, aikin shirya wasa kashi uku ne: rajistar 'yan wasa, tsara fili, da tanadin ceto. Malam Garba ya ɗauki fili da manyan baƙi. Ceto aka ba wani jirgi mai inji da masu nutso uku. Ni aka ba ni rajista da lasifika.

Ya miƙo mini fom ya ce, "Ummaru, layi takwas ne, matuƙa takwas. Kada ka ƙara, kada ka rage. Abin da ke takarda shi ne ke cikin ruwa."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

A nan zan faɗi abin da ban faɗa masa ba. An haife ni a Yelwa, amma ubana tela ne. Kifi kawai na sani, shi ma in ya zo cikin miya. Ban taɓa shiga jirgin tsere ba. Shi kuwa Malam Garba baƙo ne, yana ganin duk ɗan Yauri da ruwa aka yaye shi. Na ji kunyar in gyara masa.

Ana saura kwana biyu na bi jiragen ina rubuta sunaye. A jirgin Ngaski na biyu, shugabansu Maiwada ya lissafa mini mutum takwas. Ga wani dattijo tsugune yana cusa tsumma a tsagin katako. Na nuna shi da biro.

"Wannan fa, ɗan wasa ne?"

Maiwada ya yi dariya. "Baba? Baba ai ba shi tuƙi. In ka ba shi filafili baya za mu koma."

Dattijon bai ɗago ba ya ce, "Ubanka ma ni na koya mashi."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na rufe fayil. Maiwada bai yi mini ƙarya ba. Abin da na tambaya shi ya amsa.

Ranar tsere, da hantsi, bakin ruwa ba wurin sa ƙafa. Daga wani tsibiri can nesa aka sako jiragen, ni ina teburin ƙarshe inda muka ɗaure jarkoki biyu da jan ƙyalle. Sun kusa isowa iska ta taso. Jirgin su Maiwada ya so ya tsallake na gabansa, igiyar ruwa ta buge shi a gefe, ya kife. Makaɗa suka tsaya. Mata suka sa salati.

Jiragen da ke kusa suka bar tsere suka yi ta tsamo mutane, wannan ya ɗauki biyu, wancan uku, jirgin inji ya ɗauki saura. Kowanne ya sauke nasa inda ya samu gaɓa, wasu nan, wasu can wajen masu suyar kifi. Masu nutso kuma suna shirin faɗawa.

Malam Garba ya zo yana haki. "Ummaru, jama'a za su ture juna cikin ruwa. Kira suna. In sun cika ka sanar."

Na kira suna da lasifika. Duk wanda na kira sai ya ɗaga hannu daga inda yake, in sa masa alama. Ɗaya, biyu, har takwas. Na sake bi. Takwas. Wallahi har daɗi na ji, na ce yau na nuna aiki.

Na ce, "Jama'a a kwantar da hankali! Kowa ya fito lafiya! Masu ceto ku dawo!"

Aka yi kabbara. Jirgin inji ya juyo. Makaɗa suka ci gaba. Jirgin da ya kife yana can yana lilo, gindinsa a sama, an bar shi sai an gama.

Sai wata tsohuwa ta ratso mutane, hannunta duk man kifi, ta kama mini riga.

"Kai mai lasifika, ina malam?"

"Wane malam, Inna?"

"Mai gidana. Shina cikin jirgin ga."

"Ya sunansa?"

Ta dube ni kamar na zage ta. Mace irin ta da, ko wuƙa aka sa mata ba ta kama sunan miji. Ta ce, "Kai dai duba." Ni kuma na tsaya a kan sai da suna, don haka aka koya mini. Muna wannan ja-in-ja lokaci yana tafiya. Wata mai talla a gefe ce ta gaji ta ce, "Labbo! Labbo a sunanshi!"

Na bi layi da yatsa. Babu Labbo. Na ce mata, da bakin nan nawa, "Inna, mijinki bai shiga jirgin nan ba. Ga takarda."

Ta ce, "Takardar uwaka! Ni na ɗaura mashi ƙwaryar da sahe!"

Ta saki rigata ta juya wajen ruwa ta ƙwala, "Maiwada! Ina Babanku?"

Na ga fuskar Maiwada daga nesa. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Shi yana zaton Baba yana jirgin inji, na jirgin inji suna zaton yana wajen masu suya, kuma dukansu sun ji hukuma ta ce kowa ya fito. Sai ya faɗa ruwa. Mutum wajen ashirin suka bi shi.

A wurin, a tsaye, wani ya yi mini bayanin abin da ko yaron goye na masunta ya sani. Jirgin tsere ba ya tafiya sai da mai kwarfar ruwa. Yana duƙe a tsakiya, ƙasa da matuƙa, ba a hango shi daga gaɓa, yana kwarfe ruwan da ke shigowa da ƙwarya. Ba ya tuƙi, don haka ba a kiransa matuƙi. Jirage shida na rubuta, mutum shida na bari a waje.

Na zauna a laka da lasifika a cinya.

Da suka ɗaga jirgin suka same shi a ƙarƙashi. Igiyar da ake ɗaure ƙwarya da ita a jikin katako ta naɗe masa ƙafa. Ya sa hanci a 'yar iskar da ta rage tsakanin ruwa da cikin jirgi, ya riƙe katako da hannu biyu. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa. An kawo shi gaɓa ba ya motsi, aka danna cikinsa, ya yi aman ruwa, ya yi tari. Matar ba ta yi kuka ba. Ta goge masa fuska da gefen zane, ta dube ni sau ɗaya.

Malam Garba bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya karɓi fom ɗin ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ni na ce kada ka ƙara." Na ce, "Ni kuma ban gaya maka ban san jirgi ba."

Bayan kwana uku na shiga mota zuwa ƙauyensu wajen Wara. Na sami Baba Labbo a zaure, an jingina shi da bango, muryarsa ta dushe. Na durƙusa na fara ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu.

"Kai ne mai lasifika? Muryarka na da kyau. Har ƙarƙashin jirgi ta iske ni."

Na ce, "Baba, ka ji?"

"Na ji. Katako na kawo magana. Na ji injin ya matso, na ce ga su nan. Sai na ji ka ce kowa ya hito. Injin ya juya. Sannan na ji an koma kiɗi." Ya yi tari. "Shekara talatin ina kwarfe ma mutane ruwa. Ran nan na san ba ni cikin kowa."

Ya dubi fayil ɗin da ke hammatata.

"Takardar ce? Akwai wuri?"

"Layin ya ƙare, Baba."

"To ja wani."

Na zaro biro na ja layi na tara a ƙasa, na rubuta Labbo. Bai iya karatu ba, amma sai da ya karɓa ya duba.

An tabbatar da ni a ƙarshen wata shida, ban san dalili ba, wataƙila don babu wani. Abin da na koya a aikin nan bai da yawa. Fom wani ne ya zana shi a ofis, bai san wanda ke duƙe a tsakiyar jirgi ba. Kuma mutanenmu suna yarda da mai lasifika fiye da idonsu, don haka kalmar "kowa" ba ta fita bakina sai na taɓa kowa da hannu. In kun ga ina dafa kafaɗu, har ta mai ɗebo ruwa da direban mota, ku bar ni. Layi na tara nake nema.