Turmin da Na Ce a Wanke da Toka

Har gobe ba na mantawa da ranar da ɗalibata ta ƙure ni da darasin da ni na koya mata. Lokacin ina malamin kimiyya a wata sakandare a Anka, shekarar da aka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan haƙar zinari. Na ji labarin, na ce Allah ya kyauta, na ɗauka matsalar mutanen ƙauye ce.

A aji huɗu muke koyar da tarihin ƙwayar zarra, wato mafi ƙanƙantar abin da kowane sinadari ya ginu da shi. Shekara bakwai ina zuba shi kamar karatun aku. Masanan Girka suka fara hasashenta. Wani malamin makaranta a Ingila ya ce ba a ƙirƙirarta, ba a hallaka ta. Wani ya harba ƙwayoyi kan siririn zinari ya gano tana da cibiya. Na rubuta a allo, na ce su haddace, zai fito a jarrabawa.

Sai Saratu, wata 'yar Bagega, ɗaya daga ƙauyukan haƙar zinarin, da ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Mallam, ke nan ko wuta ba ta kashe ta?"

Na ce, "Ko wutar maƙera."

"To dalmar da ta shige cikin turmin da anka daka dutsen zinari hwa? Inna ta ce in anka wanke da ruwan zahi da toka, gubar ta mutu."

Na buɗe baki in yi mata dariya, sai alli ya suɓuce mini. Wata biyu kafin nan matata ta sayi tsohon turmi wurin wata mata daga can. Da ta nuna mini baƙin da ke cikinsa, ni da bakina na ce, "Ruwan zafi da toka, shi ke nan." A ciki ake daka geron kunun ɗanmu Habibu, ɗan shekara biyu.

Doka ce malami ba ya fita sai ya rubuta takardar neman izini. Ban rubuta ba. Na faɗa wa shugaban makaranta a tsaye, ya miƙo mini makullin babur ɗinsa ya ce, "Tahi, takarda ta jira."

Na isa gida na tarar matata tana daka. Na ƙwace taɓaryar, na ɗauki yaron sai asibiti. Aka auna jininsa, aka ce dalma ta yi yawa, aka kwantar da mu. Habibu ya rayu, amma sai da ya kusa shekara biyar kafin ya haɗa magana.

Ku malaman da kuka fara aiki yanzu, abin da na koya ke nan: malami na iya shekara bakwai yana faɗin gaskiya bai ji ta ba. Turmin na nan a ɗakin gwajin makaranta, naɗe cikin leda. Da shi nake buɗe darasin, kuma kafin sunan kowane masani, nakan fara gaya wa ɗalibai wanda ya ce a wanke shi da toka.